Kilo Ashirin da Uku da Muciya

Takardar ta iso ranar wata Laraba, kuma kafin a kira la'asar duk unguwarmu ta Nima, a birnin Akara, ta san zan tafi Jamus. Ni dai Mma, mahaifiyata, kaɗai na gaya wa. Ita kuma ta rantse mutum ɗaya ta gaya wa. To amma mutum ɗayan nan Hajiya mai wake ce, maƙwabciyarmu da ke sayar da wake da shinkafa a bakin lungu, wadda in ka ba ta labari da safe, kafin azahar za ka ji shi a bakin direban trotro, wato motar haya, a unguwar Kotobabi, an sa masa gishiri an sa masa barkono.

Abin da takardar ta ce ba shi da yawa. Ina shekara ta uku a jami'a, ina karatun magudanan ruwa, aka zaɓe ni cikin waɗanda za su je wani ƙaramin gari a Jamus su yi zangon karatu ɗaya, wata biyar, su dawo. Malaminmu ya ce na cancanta. Na ce ranka ya daɗe, wanda ya tashi a bakin babbar gotar Nima, ya faɗa cikinta sau biyu yana bin ƙwallo, ai Turawa ya kamata su zo su yi zango a wajensa.

Amma wata biyar bai isa labari ba a lungunmu. Kafin magariba ya zama shekara biyar. Washegari an ba ni aiki a kamfanin motoci. Ranar Juma'a muna fitowa daga masallaci wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce in ji tsoron Allah, in musuluntar da baturiyar kafin a ɗaura. A bez ɗinmu kuwa, wato bencin da muke zama muna shan shayin ataya muna gyara duniya da baki, an daina kiran sunana. Na zama Boga. Haka muke ce wa wanda ya je Turai ya dawo da sarƙa a wuya, yana tafiya kamar ƙasa za ta ɓata masa takalmi. Ni kuwa a lokacin ko fasfo ban da shi.

Shirin ya ci wata biyu. Na yi layin fasfo har masu sayar da ruwan leda suka fara tambayata lafiyar gida. Na yi hoto sau uku, don na farko wai na yi murmushi, na biyu kuma kunnena ɗaya ya ɓuya. Ranar da aka ba ni biza na rungume fasfon a cikin trotro, duk wanda ya yi tari sai in harare shi. Sai rigar sanyi. Na je gwanjon Kantamanto, mai kayan ya jawo wata kwat daga ƙasan tuli ya ce, "Cale, abokina, wannan ko a firji ka kwana sai ka yi gumi." Ban san mai ita na farko ba, amma na tabbata mutum huɗu ba su isa ɗaukar makararsa ba. Na sa ta a tsakar gida da rana tsaka don Mma ta gani. Ta dube ni sama da ƙasa.

"To, kwat dai ta iso," in ji ta. "Ina mutumin da zai shiga ciki?"

Tikitin da jami'a ta saya mana shi ne mafi araha: akwati ɗaya, kilo ashirin da uku. Na riga na raba kilon nan a kaina. Kayan sawa, littattafai biyu, sabon takalmin da na saya don in taka Turai da mutunci, sai kilo uku na shiton Mma.

Wanda bai san shito ba, baƙar miyar barkono ce da ake soyawa da busasshen kifi da jatan lande har mai ya taso, tana wata da watanni ba ta lalace ba. Kowace mace a Akara tana yi. Amma na Mma daban ne. Ita sana'arta koko da ƙosai ce da safe, shito kuwa sai na gida ko na biki. A tsakar gida take soya shi kowa na gani, amma in ya kusa nuna sai ta sauke tukunyar ta shige ɗaki ta ja labule, ta zuba wani abu, ta fito tana waƙe-waƙe kamar ba ta yi komai ba. Hajiya mai wake ta shekara ashirin tana roƙon sirrin nan, don wake da shinkafa ba ya tafiya sai da shito, nata kuwa, Allah na gani, ko ƙuda sai ya yi shawara kafin ya sauka.

"Ƙawata, me kike sawa ne? Kabari za ki kai shi?"

"Ranar da na gaya miki, ranar kin daina gaishe ni," in ji Mma. "Bar ni da gaisuwata."

Wannan karon ta cika mini babbar kwalba, ta naɗe bakinta da leda, ta bi da salatif har kwalbar ta zama kamar wadda ta karye a hatsarin mota. Kullum sai na ɗauke ta na jinjina. An gaya mini abincin Jamus burodi ne da dankali marar gishiri. Na ce in dai kwalbar nan na tare da ni, ko takarda suka dafa zan ci.

Abin da na manta shi ne, a Zango, wato unguwannin Hausawa irin tamu, matafiyi ba shi ne mai akwatinsa ba. Tun zamanin kakanninmu masu fataucin goro, in za ka yi tafiya, duk mai ɗan'uwa a hanyarka zai kawo saƙo, kuma ba a cewa a'a. Saƙo amana ne. Sai ka danƙa shi hannu da hannu, ka zauna, ka faɗi yadda ka bar mutanen gida, waye ya haihu, waye ya rame. Wanda ya ƙi karɓar saƙo, shekara goma ana tuna masa a wajen suna.

Hajiya mai wake ce ta fara. Ta shigo da sallama, ta ajiye ƙullin daddawa da wata sabuwar muciya mai tsawon hannun ɗan dambe.

"Boga, ka kai wa 'yata. Ka san ta ai, ita ta goya ka kana mata fitsari a baya."

"Hajiya, muciya kuma? Jamus ɗin ba su da itace?"

"Itacensu sanyi ya kashe. Ba ya juya tuwo."

Bayanta sai tsohon telan da ke kusa da masallaci, da kaftani ga ɗansa. Sai matar liman da goro a cikin ganye. Sai wata da kuka da busasshiyar kuɓewa, wani da yaji, wata da garin tuwo kamar za a yi sadakar arba'in. Ɗakinmu ya koma kasuwar Nima ta ranar Laraba. In ka shigo, warin daddawa ne zai amsa maka sallama.

Mma ce ke karɓa. Tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno kamar ma'aikaciyar kwastam, kowa ya zo sai ta yi masa tambaya ɗaya: wane gari? In an faɗa, sai ta juyo gare ni.

"Duba wayarka. Jirgin ƙasa na zuwa can daga inda za ka zauna? Awa nawa?"

Wata baiwar Allah ta zo da ƙullin gari ga ɗanta da ke Amurka. Na ce Anti, ai tsakanin Jamus da Amurka akwai teku. Ta ce, "To ba duk Turai ba ne? Ka biya ka ajiye masa in kana wucewa." Na sa ido in ga Mma ta karɓa, don na san ba ta iya ƙin mutane. Sai na ji ta ce, "Yi haƙuri 'yar'uwa, wannan ba hanyarsa ba ce." Haka ta mayar da na Italiya, ta mayar da na Landan. Na ce a raina, ashe ana iya ƙi. Sai na fara dabara. Da aka kawo na wani gari, na dubi waya na girgiza kai.

"Mma, wannan awa goma sha huɗu ne. Sai an canza jirgi sau shida, a ƙarshe a hau jaki."

"Ƙanwarka ta duba jiya," in ji ta, ko kallona ba ta yi ba. "Awa biyu ne. Sa shi a akwati."

Saƙo bakwai ta karɓa. Na zuba su, na zuba kayana, na hau kan akwatin na zauna, ƙanwata ta ja zif. Muciyar ma sai da aka kwantar da ita a karkace kafin ta yarda. Saura awo.

A nan muka yi abin da sai mutanen Zango. Gidanmu ba sikeli, amma Kawu, ƙanin Mma, mahauci ne a kasuwar Maamobi, yana da babban sikelin rataye. Na ɗora akwatin a ka na kai masa. Ya ture cinyar sa gefe, ya rataya akwatina a ƙugiya, ya ɗan taɓa allurar da yatsa kamar yadda ya saba.

"Talatin da ɗaya."

"Kawu, ba sayar mini da shi za ka yi ba. Gaskiya nake nema."

"Kai, sikelin nan ya girme ka. Alhazai ke sayen nama a kansa."

Na koma gida na gaya wa Mma, har da 'yar murnata, don yanzu dole a mayar wa mutane kayansu. Ta ce sikelin ƙaninta ta san shi tun yana sabo, ko gashin kaza ka ɗora masa sai ya ce rabin kilo. Ta ce in kai wa abokina da ke sayen tsoffin ƙarafa a Fadama. Na sake ɗaukar akwati, trotro biyu, na ratsa kasuwar doya. Abokin nawa ya share baƙin mai daga hannunsa, ya ɗora akwatin a kan sikelinsa na ƙasa, ya dafa gefensa da ƙafa.

"Sha shida."

"Cale, ɗage ƙafarka."

Ya ɗage. "Sha shida da rabi. Na ƙara maka don kai ne."

Sai a hanyar dawowa hankalina ya zo. Na kai akwati wajen mai sayarwa, sikelinsa ya ƙara. Na kai wajen mai saye, nasa ya rage. Ɗan jami'a guda, mai lissafin ruwan da gota za ta ɗauka, na yini ina yawo da kaya a ka tsakanin maƙaryata biyu. Mma kuwa da ta ji sha shida sai ta ce alhamdu lillahi, ashe da sauran wuri, bari ta aika wa matar ladan.

Wanda ya raba gardamar wani tsoho ne da ke zama a bakin titi da ɗan sikelin awon mutane, ka ba shi 'yan sulalla ka hau. Shi ba ya saye ba ya sayarwa. Na hau da akwati a rungume, na sauka, na hau ni kaɗai, muka ɗebe. Ashirin da takwas. Kilo biyar sai sun fita.

Saura kwana biyu tafiya, da hantsi, bayan Mma ta tashi daga wajen koko, muka buɗe akwatin a tsakar ɗaki. Na fitar da littafi ɗaya. Na ce wanduna biyu zan sa su a jiki, a ƙarƙashin kwat. Saura kilo uku. Na miƙa hannu zan ɗauko garin tuwo da daddawa, sai Mma ta riga ni. Ta sa hannu biyu ta ɗago kwalbar shito ta ajiye a kan tebur.

"Shi ke nan, ya yi daidai."

Na ɗauka wasa take. Na yi dariya, ita ba ta yi ba.

"Mma, shitona ne fa."

"Na sani. Ni na soya."

"Ki fitar da muciyar Hajiya. Ki fitar da goron nan, wa ke cin goro a cikin ƙanƙara?"

"An riga an karɓa. Ba a mayar da amana."

"Ai kin mayar da na Amurka."

"Wannan ban karɓa ba."

Ni mutum ne mai baki, kowa ya sani, kuma yawanci bakina dariya yake jawowa. Ran nan ya jawo abin da har yau in na tuna sai na ji kunya. Na ce mata ita dai ta fi son a yabe ta a lungu a kan ɗanta ya ci abinci. Na ce in na rame a can sai ta aika wa Hajiya ta zo ta yi mini tuwo da muciyarta. Ƙanwata ta fice daga ɗakin sumsum. Mma ta gyara mayafinta, ta ɗauki kwalbar ta sa a ƙarƙashin gado.

"Shito ba zai tambaye ka yaya ka kwana ba," in ji ta. "Rufe akwatinka."

Ban gane ba, ban kuma nemi in gane ba. Kwana biyun nan gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Ranar tafiya rabin lungu ya raka ni filin jirgi, trotro guda aka ɗauka shata. Na sa wando uku, riga huɗu, na ɗora kwat, cikin zafin Akara na la'asar. Gumi na bin ƙafata yana taruwa a sabon takalmi. 'Yan bez suna ta ɗaukata hoto suna cewa Boga ya yi ƙiba tun bai tafi ba. Liman ya yi addu'a mai tsawo, ina amin ina narkewa. Da na durƙusa gaban Mma, ta dafa kaina ta ce Allah ya tsare, ya haɗa ni da mutanen kirki. Sai ta ƙara da cewa, "Hannu da hannu fa. Ban da aikawa ta gidan waya." A ciki aka ɗora akwatin a sikelin Turawa: ashirin da biyu da ɗigo takwas. Na juya in nuna mata da yatsu ta gilashi, amma mutane sun tare.

Sanyin Jamus na san da shi, kwat ta yi aikinta. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne shirun. A Nima ba ka iya tafiya daga ƙofar gida zuwa bakin titi ba ka gaisa da mutum goma ba, uku su zage ka da wasa, ɗaya ya tambaye ka yaushe za ka yi aure. A can na shiga motar haya na yi sallama, mutane suka dube ni kamar na zo da wuƙa. Ɗakina a gidan ɗalibai fari fat, ba rediyon maƙwabci, ba kiran salla, ba mai tallan burodi. Na taɓa yin kwana uku ban yi magana da kowa ba sai injin sayar da tikiti, shi ma ni ke magana. Ni da aka ce ko a kabari sai na ba mala'iku labari. Na fara tashi daga aji in wuce ɗaki kai tsaye in kwanta da kwat a jiki, in ci burodi ina tunanin kwalbar da ke ƙarƙashin gado a Nima, haushi na ƙaruwa.

Lambobin mutanen nan bakwai suna wayata, amma ban kira ko ɗaya ba. Me zan ce? Ga Boga ya zo, kaɗaici na cinsa? Allah ya kiyaye. Sai dai saƙonnin ba su bar ni ba. Daddawar Hajiya ta fara aiki a cikin kabad, har ɗalibin da ke ɗakin kusa ya ƙwanƙwasa ya tambaye ni cikin ladabi ko wata dabba ta mutu. Ga kuma muryar Mma a waya kowace safiya, gajeriya: "Ka kai wa mutane kayansu? Goro ba ya jira."

A mako na uku na daure na kira 'yar Hajiya, ranar Asabar na ɗauki muciya da daddawa na hau jirgin ƙasa, awa ɗaya da rabi. 'Yar Hajiya ta buɗe ƙofa, ta dube ni, ta dubi kwat.

"Kai ne ka zama haka? Shigo, ɗan banza, ka cire wannan bargon. Wa ya mutu ya bar maka?"

Wallahi zagin nan ya fi mini kowace barka da zuwa. Na zauna na ba da labarin lungu tun daga bakin titi har gota: waye ya haihu, waye ya je Makka, wace akuya ta ci takardar wutar lantarkin liman. Na yi awa uku ina zuba, mijinta na dariya har da hawaye, yaranta na kallona kamar talabijin. Da ta shiga kicin ɗora tuwo, na bi ta da muciyar don in ga ta yi aikin da ya hana ni shito. Sai na ga muciya uku a rataye a bango.

"Yaya, wannan fa?"

"Ai shagon 'yan Afirka na nan ƙasan titi. Har daddawa suna sayarwa, da kuka, da komai."

"To don me Hajiya ta wahalar da ni?"

Ta ci gaba da tuƙa tuwonta. "Ba aikin uwata ba ne. Mma ce ta je ta same ta, ta ce a nemo ko mene ne a ba ka ka kawo mini. Ta ce ta san ɗanta, bakinsa ne kawai babba, in ba da dalili ba ba zai taɓa ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba, sai ya mutu a ɗaki yana wasa. Har gidan tela ta je, da gidan liman. Kai kana can kana layin fasfo."

Na rataya muciyar kusa da sauran ukun. Ta zuba tuwo da miyar kuka, ta ajiye wata 'yar kwalba a gefen kwanona. Na ɗebi kaɗan na sa a baki, sai na ajiye cokalin. Na san shiton nan kamar yadda na san muryar mai shi.

"A ina kika samu?"

"Ni na soya, shekaranjiya. Uwata ta ce ba za ta ba da saƙo ba sai Mma ta faɗi abin da take sawa a bayan labule. Wasa fa take yi. Sai Mma ta ce kawo kunnenki. Daga baya ta turo mini murya a waya, ta yi mini bayani tiryan-tiryan, ta ce duk ranar da ka zo in ba ka kwalba ka tafi da ita." Ta harare ni. "Kuka za ka yi a kan tuwona?"

Na ce barkono ne. Ta ce barkonon uwarka.

A tashar jirgi na kira Mma. Na shirya jawabi mai kyau, da ban haƙuri da komai. Da ta ɗauka sai na ji kaina ina cewa, "Mma, na kai muciya." Ta ce, "To madalla. Saura shida." Ta kashe, don miyar dare na kan wuta.

Shidan nan su suka cinye mini zangon. Ɗan tela ya ga sabon takalmina ya ce da wannan zan rasa yatsu, ya ba ni nasa na ƙanƙara. Mai goro, wani dattijo direban babbar mota, shi ya nuna mini masallacin da ake Juma'a a bayan wani shagon tayoyi. A gidan masu garin tuwo na halarci sunan jariri, har aka ba ni rabon nama in kai wa 'yar Hajiya, na koma ɗan aike a Jamus ma. Duk Asabar ina cikin jirgi. Litinin in shiga aji da bakina a buɗe, har Turawan suka fara zama kusa da ni don su ji ƙarya. Ban ce na fi kowa cin jarrabawa ba, amma na ci, kuma na dawo da kumatu.

Da na dawo Nima, abin da na fara gani a bakin lungu layi ne a gaban teburin Hajiya mai wake, har ya karya kwana. Masu kwat da taye daga ofisoshi suna tsaye da kwano. Hajiya ta hango ni ta ɗaga ludayi.

"Boga, ka kai muciyata?"

"Na kai, Hajiya. Ta samu 'yan'uwanta uku lafiya."

A gida na tarar da kwalbata tana nan a ƙarƙashin gado, salatif ɗinta bai motsa ba. Na zauna kusa da Mma tana wanke wake na ƙosan gobe. Na ce mata na ga layin Hajiya.

"Allah ya ba ta kasuwa."

"Ta daina gaishe ki?"

"Sau biyu take zuwa yanzu. Ta dame ni."

"Mma, maganar da na faɗa ranar nan..."

"Wace rana? Kai kullum cikin magana kake, wa zai iya riƙewa? Miƙo mini kwaryar can."

Shekaru sun tafi. Mma ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta. Tsohon mai sikelin bakin titi ma ban ƙara ganinsa ba, wajen ya zama shagon waya. Yanzu mutane ba su cika kawo saƙo ba, kowa na cewa ai ana samun komai a can, kuma gaskiya ne, ana samu. Sirrin shiton kuwa ya zaga Nima, don Hajiya ce ta riƙe shi, amma ni ba zan faɗa a nan ba.

Bara 'yar ƙanwata ta samu irin takardar nan, zango ɗaya, a wani gari da bai kai awa biyu daga gidan 'yar Hajiya ba. Yarinya ce mai shiru, ta sayi sikelinta na zamani, ta rubuta komai a waya, kowane giram da wurinsa. Na shiga kasuwar Maamobi na zaɓo muciya mafi tsawo, na kai mata.

"Kawu, muciya kuma? Ba su da ita a can?"

"Itacensu sanyi ya kashe," na ce. "Hannu da hannu fa. Fitar da takalmin nan, za ta shiga a karkace."